Daina bari a yi wa laftop ɗinka fomatin saboda WiFi

Jama'a, abin nan ya ishe ni. Laftop ta ƙi kama WiFi, ka biya kuɗin mota daga Batsari ko Safana har Katsina, mai gyara ko dubawa bai yi ba ya ce sai an sake mata Windows. Takardunka na makaranta, hotunan biki, duk sun tafi. Wannan ai ba gyara ba ne, lalaci ne.

A yankinmu yawancinmu da hotspot ɗin waya muke hawa intanet, kuma sau da yawa matsalar a wayar take. Sababbin wayoyi kan watsa hotspot a 5 GHz, alhali tsofaffin laftop na hannu da dama 2.4 GHz kaɗai suke gani. Shiga saitin hotspot, nemo AP band, mayar da shi 2.4. In iPhone ce, kunna Maximize Compatibility. Ko sisi ba ka kashe ba.

Duba kuma ko airplane mode a kunne yake. A wasu HP, maɓallin F12 ne ke kashe WiFi, yaro ma zai iya danna shi.

In kuwa ta haɗu amma ta nuna "No internet", fara duba data da sabis. Ka manta 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumominmu? Laftop za ta kama hotspot lafiya lau, amma ba abin da zai buɗe. Wane fomatin ne zai dawo da sabis?

Ko direban WiFi ne ya lalace, haɗa wayar da kebul, kunna USB tethering, ka sauke sabo.