Shaidar Ɗan Ƙasa Tana Hannunku

A watan Janairu 1980 Gwamnatin Tarayya ta kori Alhaji Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye na Majalisar Borno, zuwa Chadi, wai baƙo ne. Aka kai ƙara Babban Kotun Maiduguri, alƙali ya tabbatar ɗan Nijeriya ne. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara, ba ta ci nasara ba.

To, in an yi wa babba haka, ina ga talakan Birniwa mai dangi a Nijar? Wanda aka hana wa fasfo bisa wannan zargi, lalle ya nemi shari'a. Amma kotu shaida take bi. Saboda haka magatakarda da malaman makaranta, ku kiyaye littattafan haihuwa da rajistar 'yan makaranta. Wata rana layi ɗaya da kuka rubuta shi zai ceci mutum.