Kwalbar Kemis ko Ƙwaryar Kindirmo?

Da hutun nan da ya wuce na tafi Agege gaida kakata. Na iske ta tana fama da kumburin ciki, ga wata 'yar kwalba kusa da matashinta, wadda kawuna ya sayo a kemis da tsada. Wai cikin kowace ƙwaya akwai waɗansu halittu masu rai, ido ba ya ganinsu, su ke gyara hanji. Tun ran da kwalbar ta shigo gida tsohuwa ta bar shan kindirmo, wai kayan ƙauye ne.

Jama'a, wannan ya ba ni haushi. Ai irin halittun nan su ke sa madara ta yi tsami. Maganar ma daga nono ta taso. A 1907 wani masani mutumin Rasha, Metchnikoff, mai aiki a birnin Faris, ya rubuta cewa manoman Bulgeriya suna daɗewa a duniya saboda shan nono mai tsami. Zato ne ya yi, amma 'yan kasuwa suka cafe.

To, an gwada ƙwayoyin kuwa? An gwada. A 2013 likitoci a Birtaniya suka bayyana gwajin da suka yi kan tsofaffi wajen 3,000, masu shekara 65 zuwa sama, waɗanda ke asibiti suna shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, watau irin wanda kan jawo zawo. Rabi aka ba su na gaske, rabi na wofi. Ba a ga bambancin kirki ba. Ban ce ba su amfanin kowa ba, amma ban yarda a hana tsohuwa abincinta dominsu ba.

Kindirmo kansa ba magani ba ne, abinci ne, kuma sai an tafasa madarar tukuna, gama ɗanyarta takan ɗauko tarin fuka daga saniya.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne, kwalbar ta sa kowa ya manta da asibiti. Tsoho in bayan gidansa ya sake har makonni, ko ya ga jini, ko yana ramewa, wannan aikin likita ne. Mu da za mu koyar da kiwon lafiya a firamare, in ba mu faɗa a gidajenmu ba, wa zai faɗa?

Da ƙyar kawu ya yarda muka kai ta. Likita ya duba, ya ce maƙarƙashiya ce, ta yawaita ruwa da ganye, ta riƙa ɗan tattaki. Muna komowa, daidai Pen Cinema, ta taɓa ni ta ce, "Kai ɗan boko, sauka ka nemo mini mai nono."