Ra'ayi: Lissafin narkewar dutse ba ya inganta sai an san shekarun ƙasa

Wani sabon kasuwanci na bunƙasa a duniya. Kamfanoni na niƙa baƙin dutsen aman wuta, su barbaɗa garin a gonaki, domin idan ruwan sama ya narkar da shi yakan kama iskar kabon mai ɗumama duniya. Daga nan sai su sayar wa manyan kamfanoni irin su Microsoft shaidar yawan iskar da aka kama. Kuɗin da ake biya ya dogara ne kan lissafin saurin narkewar dutsen, kuma a nan gizo ke saƙar.

A shekarar 2003, masana biyu 'yan Amurka, Art White da Susan Brantley, sun nuna cewa saurin narkewar ma'adanai na raguwa gwargwadon daɗewarsu cikin ƙasa. Saurin da ake aunawa a ɗakin gwaje-gwaje kan ninka na fili sau ɗaruruwa, wani lokaci ma dubbai. Sabon garin dutse na narkewa da wuri saboda ƙananan ɓarɓashinsa ne ke fara tafiya. Da tafiya ta yi nisa, yumɓu da tsatsa kan lulluɓe ragowar, ma'adanai masu taurin kai kaɗai su saura.

Tsibiran Hawai sun tabbatar da haka. An kwatanta ƙasa mai shekara 300 da mai shekara miliyan 4.1, dukkansu daga irin dutse ɗaya. A tsohuwar ƙasar, dutsen ya kusa ƙarar da abin da zai bayar, har dazuzzukan wurin na samun sinadarin fosfaras daga ƙurar da iska ke kwasowa daga nahiyar Asiya.

Saboda haka duk wanda ya auna narkewar watannin farko ya shimfiɗa ta kan shekaru masu zuwa, ya zuzuta sakamakon. Haka ma wanda ya raba abin da tsohuwar ƙasa ta rasa da adadin shekarunta: zai samu matsakaicin da ya zarce saurin narkewarta a yau.

Dabarar barbaɗa garin dutse na da amfani, tana ma rage tsamin ƙasa. Amma ya kamata a riƙa biyan kuɗi kan abin da aka auna a gonar kanta, shekara bayan shekara. Idan ba haka ba, masu gurɓata muhalli za su riƙe takardar wanke kai alhali iskar na nan a sararin samaniya.