Laifin Sanyi Ne, Ko Laifinmu?

A hunturun bara, sau huɗu cikin mako guda motata ta ƙi tashi da safe. A rana ta huɗu ɗalibai na jirana a zauren jarrabawa, ni kuwa ina ƙofar gida yaran unguwa suna turi. Duk wanda ya wuce sai ya ce, "Malam, sanyi ne." Na daɗe ina juya wannan amsa a raina, kuma a ganina rabin gaskiya ce kawai.

Da yake ni malamin ilmin halittu ne, bari in fara da ƙadangare. Da sanyin safiya za ka gan shi a jikin bango ya yi lamo, ba ya iya gudu sai rana ta gasa shi. Dalili kuwa shi ne motsin jikinsa ya dogara ga aikin sinadarai, su kuwa sinadarai sanyi na rage musu hanzari. A galibi, in zafi ya sauka da digiri 10, saurin irin wannan aiki yakan ragu da kimanin rabi. Svante Arrhenius na ƙasar Suwidin ya yi bayanin wannan dangantaka tun a 1889.

To, batirin mota ma haka yake. Wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya ƙago shi a 1859. Farantan dalma ne a cikin ruwan asid, a ɗakuna shida, waɗanda ke ba da volt 12.6 in caji ya cika. Idan aka yi sanyi sai wutarsa ta ragu, a daidai lokacin da inji ya fi bukatarta, domin baƙin mai ya yi kauri, fetur kuma ba ya saurin zama tururi.

Amma fa mu yi wa sanyi adalci. Ko a Jos, sanyin asuba yakan tsaya ne wajen digiri 10, alhali a Kanada da Rasha motoci na tashi cikin ƙanƙara. Lafiyayyen batir ba ya jin hunturunmu. Abin da ke cin batir a ƙasarmu shi ne zafin bazara, lokacin da Kano da Sakkwato kan haura digiri 40. Zafi ne ke ƙafar da ruwansa, ya zaizaye farantansa, sanyi kuwa asiri kawai yake tonawa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka turi ba magani ba ne. Kafin Disamba a kai batir a auna shi, a duba ko altaneta na yi masa caji. In mai murfi ne kuma ruwansa ya ja baya, a ƙara tataccen ruwa, kada a ƙara asid ko ruwan rijiya. Farin garin nan da ke taruwa a kan batir yana tare wuta. Ruwan kanwa mai ɗumi yana wanke shi, muddin bai shiga ciki ba. A duba filogi, a kakkaɓe ƙurar hunturu daga matatar iska. In mota ta ƙi tashi, kada a murɗa makulli fiye da daƙiƙa 10 a jere. Nawa batirin da aka auna, ashe ɗaki ɗaya ya mutu tuni.

Kirana ga 'yan'uwana malamai shi ne mu kawo irin wannan matsala cikin aji. Ɗalibin da ya iya tambayar me sanyi ya taɓa, kuma me ya sa motar maƙwabci ta tashi, ya kama hanyar kimiyya, ko da bai taɓa shiga ɗakin gwaji ba. Ku kuma ɗalibai, in kun ga ana turin mota da asuba ku taimaka, amma ku yi tambaya. Allah ya sa mu dace.