RA'AYINMU: Baƙin da Ba a Gayyata Ba a Intanet ɗin Gida

Magidanta da yawa a yau sun ajiye na'urar rarraba intanet a gidajensu, wadda ake kira rauta, amma kaɗan ne suka san adadin wayoyin da ke shan data daga gare ta. Sai mutum ya sayi datar wata guda ta ƙare a mako biyu, ya hau zargin kamfani, alhali kuwa kalmar sirrinsa ta daɗe da zaga unguwa. Yaro ya ba abokinsa, aboki ya ba wansa, shi ke nan.

Asarar kuɗi ba ƙarama ba ce, balle tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin kira da data a Janairun 2025. Amma abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne, layin da ke cikin na'urar da sunan maigida aka yi masa rajista, kuma tun Disambar 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN a Nijeriya. In wani ya yi damfara ta wannan layi, ƙofar maigida za a fara ƙwanƙwasawa.

Gano baƙin ba wuya. A shiga shafin sarrafa na'urar ta adireshin da ke manne a jikinta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, a buɗe jerin wayoyin da ke haɗe. Kowace tana da lambar shaida da ake kira MAC. A kashe Wi-Fi na wayoyin gida duka, in ban da wadda ake dubawa da ita. Duk wadda ta rage baƙuwa ce.

To, a nan ne mutane ke kuskure. Sukan toshe baƙuwar lambar su koma barci, ba su san cewa tun fitowar Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020 wayoyi na iya sauya wannan lamba ba. Wanda aka kora da safe yana iya dawowa da yamma da sabuwar riga, matuƙar mabuɗin yana hannunsa. Saboda haka maganin shi ne sauya kalmar sirri ɗungurungum, mai haruffa da lambobi aƙalla 12, ba lambar waya ko sunan ɗan fari ba, a ƙarƙashin tsaron WPA2 ko WPA3. A sauya ta shafin sarrafawa ita ma, domin na'urori da dama da kalmar admin suke fitowa daga masana'anta. A kuma kashe WPS, wanda aka fallasa rauninsa tun 2011.

Mun san abin da ke hana wasu, wato kunyar maƙwabci. Haƙƙin maƙwabtaka gaskiya ne, kuma ba mu ce a yi rowa ba. Mai son yin alheri ya buɗe layin baƙi na daban, wanda rautoci da yawa ke da shi, ya ba wanda ya ga dama da saninsa. Shi kuwa mai shiga ba izini, ya sani dukiyar wani yake ci, ko da ba a ganinta da ido.

Bayan sauyin, muna ba da shawarar maigida ya shigar da sabuwar kalmar da hannunsa a wayoyin iyalinsa. Sai dai ya tuna waya na iya nuna ta ta hoton QR, don haka ya riƙa leƙa jerin nan duk ƙarshen wata.