Alkawari kaya ne, ko da a cikin coci aka ɗauke shi

Rubutun nan yana da tsawo, kuma na san zai sosa wa wasu rai. Wanda zai zage ni, don Allah ya daure ya kai ƙarshe tukuna.

Lokacin godiyar kaka ya zo, ƙarshen shekara ya matso, katunan gayyata sun fara yawo a WhatsApp. Lancin ginin coci, lancin gidan fasto, lancin motar bishara, lancin kayan kiɗa. Kowane kati da babban baƙo, da uban taro, da uwar taro, da mai ƙaddamarwa. Dukanmu mun san yadda ranar take kasancewa. Mai gabatarwa ya riƙe makirufo, ya ce Honarabul ya yi alkawarin miliyan biyu. Guɗa ta tashi, ganga ta ɗauka, Zumuntar Mata ta miƙe da waƙa. Wani ma ya ji ba za a bar shi a baya ba, ya ce tirelar siminti. A tashi taro ana murna an tara miliyan ashirin. Bayan wata shida, ku je ku tambayi ma'aji nawa ne ya shiga asusu. Yana nan yana bin lambobin waya, ba a ɗagawa. Gini kuwa yana tsaye a linta, damina biyu tana dukansa.

Ni dai a ganina wannan salon tara kuɗi ya lalace, kuma yana koya wa 'ya'yanmu cewa ana iya yin ƙarya a gaban bagade a tafa wa mutum. Laifin ya rabu biyu, kuma zan taɓa kowane ɓangare.

Na fara da mu 'yan ikilisiya. Ɗan'uwa, wa ya sa maka wuƙa a wuya? Ka san albashinka, ka san bashin da ke kanka a kofaretib, ka san kuɗin makarantar yara yana jiranka a Janairu. Amma da aka kira sunanka, ka ga abokin aikinka ya ce dubu ɗari, sai ka ce dubu ɗari da hamsin. A ranar ma ka san ba za ka biya ba. Littafin Mai-Wa'azi sura 5 ya yi gargaɗi a kan wannan sarai, cewa rashin yin wa'adi ya fi yin wa'adin da ba za a cika ba. Labarin Hananiya da Safiratu a Ayyukan Manzanni sura 5 kuma, mun san shi tun makarantar Lahadi, amma mun manta inda laifinsu yake. Ba wanda ya tilasta musu sayar da gona, kuma Bitrus ya tuna wa Hananiya cewa kuɗin yana hannunsa, yana da ikon yin yadda ya ga dama da shi. Abin da ya kashe su shi ne son a ga sun ba da duka alhali sun ɓoye rabo. Suna suke nema. To mene ne bambancinsu da wanda ya karɓi tafin miliyan ɗaya ya kawo dubu ashirin, ko bai kawo ko sisi ba?

Kuma alkawarin ƙarya yana da ɓarna ta zahiri. Kwamitin gini ya dogara da jerin sunayen nan, ya karɓi rodi da siminti bashi a wurin ɗan kasuwa, ya ɗauki magina. Ranar biya ta zo, babu kuɗi. Sai a taɓa baikon Lahadi, sai a taɓa kuɗin gwauraye, sai albashin mai bishara na ƙauye ya makale. Ɗan kasuwan nan, wanda wataƙila ma ba Kirista ba ne, ya riƙa sintiri ƙofar coci yana neman haƙƙinsa. Wace shaida ke nan muka ba shi?

Yanzu na juyo kan shugabanni, da girmamawa, domin iyayenmu ne. Ranku ya daɗe, ku ne kuka ƙirƙiro gasar. Ku ne kuke cewa masu dubu ɗari su fito gaba a yi musu addu'a ta musamman, sai masu dubu hamsin, sai masu dubu goma, har a gangaro kan masu ɗari biyar, lokacin an gaji, addu'ar ma a taƙaice. Tsohuwar da ta ɗauro naira ɗari biyu a bakin zane tana zaune tana kallo, ta gane matsayinta a gidan Ubanta. Wasiƙar Yakubu sura 2 ta hana ba mai zoben zinariya kujerar gaba a bar matalauci a tsaye. Ubangiji Yesu da kansa ya zauna yana kallon masu zuba baiko a haikali, wadda ya yaba kuwa gwauruwa ce mai 'yan tsabar kuɗi biyu. A Matiyu sura 6 ya hana busa ƙaho a kan kyauta. Mu kuma har lasifika muka saya domin aikin.

Ku dubi halin da mutane suke ciki mana. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafi, a farashin hukuma litar fetur ba ta kai naira 200 ba. Daga baya ta haura naira 1,000. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga 30,000 zuwa 70,000 a 2024, amma kowa ya san abin da 70,000 take saya a kasuwa yau. Mutumin da ke lissafin kuɗin Keke kafin ya kawo iyalinsa sujada, a Lahadi ɗaya za a zagaya masa da baiko na farko, da na biyu, da na gini, da na godiya, da ambulan na zumunta, sannan a karanta masa Malakai sura 3 a ce ɓarawo ne. Akwai 'yan'uwa da suka daina zuwa coci ranar lancin, ba don bangaskiyarsu ta yi sanyi ba, kunya ce kawai. Idan tumaki suna gudun makiyayi a ranar da ya fito da almakashi, sai makiyayi ya binciki kansa.

Sai maganar 'yan siyasa. Muna gayyatar mutumin da bai biya malaman firamare haƙƙinsu ba, mu ɗora shi a kujerar gaba, ya yi alkawarin da rabinsa kamfen ne. Ba wanda ya tambayi inda kuɗin ya fito. Gobe idan ya zalunci jama'a, bakin mimbari ya mutu, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Babbar maganar ita ce lissafi. Ni ma'aikacin gwamnati ne. A ofis, ko kuɗin tafiyar kwana biyu ka karɓa, sai ka dawo da rasit, kuma odita yana nan tafe. Gwamnatin nan da muke zagi kullum, ko a takarda dai tana da wannan ƙa'ida. Me ya sa a gidan Allah, idan ka tambayi yadda aka kashe kuɗin lancin bara, sai a ce kana da ruhun tawaye, ko a ce kada ka taɓa shafaffe? Manzo Bulus bai ɗauki tambaya irin wannan a matsayin raini ba. Ku karanta 2 Korantiyawa sura 8. Da yake tara gudummawa domin matalautan Urushalima, bai yarda ya riƙe kuɗin shi kaɗai ba. Ya aiki Titus tare da ɗan'uwan da ikilisiyoyi da kansu suka zaɓa, domin kada wani ya sami abin zargi. Idan Bulus ya nemi shaidu a kan kuɗi, wane ne ya fi ƙarfin a tambaye shi?

A 2020, da Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar CAMA, wadda sashe na 839 nata ya buɗe wa hukumar CAC ƙofar dakatar da amintattun ƙungiya idan ana zargin almundahana, CAN ta tashi tsaye ta ce ba ta yarda ba. Ni ma ban so gwamnati ta sa hannu a asusun coci ba. Amma wanda ba ya son baƙo ya share masa ɗaki, sai ya ɗauki tsintsiya da kansa. Mun ce gwamnati ba ta da hurumin duba littafinmu. To, 'yan ikilisiya da suka zuba kuɗin fa, su ma ba su da hurumi?

Na san akwai ikilisiyoyi da suke karanta rahoton kuɗi a kan kari, suna liƙa shi a allo, ma'ajinsu ba ya kwana da ko kwabo a gida. Allah ya ƙara musu albarka. Ba da su nake ba. Akwai kuma fastoci da yawa da suka fi kowa shan wuya a cikin wannan tsari, su ne ma ake bin bashin albashinsu.

Nan ne abin ya fi yi mini ciwo. A birni muna fasa tayil mai kyau mu sa wani, muna sayen janareta na biyu, muna gasar wa ya fi tsawon hasumiya. A ƙauye kuwa mai bishara yana wata uku bai ga albashi ba, yana noma gonar wani domin ya ciyar da yara. Tun 1948 aka kafa ƙungiyar da ta zama EMS, domin 'yan ƙasa su aiki 'yan'uwansu da bishara da kuɗin aljihunsu, tun kafin ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954. Kakanninmu da suka riƙe aikin nan ba su da albashi. Da damin dawa, da kaza, da aikin gayya suka gina majami'un laka, kuma abin da suka ce za su kawo, sun kawo. 'Yan'uwanmu na EYN, da aikinsu ya faro a Garkida a 1923, sun ga Boko Haram ta ƙone majami'u a Borno da Adamawa, har hedkwatarsu ta Kwarhi ta faɗa hannun 'yan bindiga a 2014. A Filato da Kudancin Kaduna da Binuwai akwai masu bi da har yau ba su koma gidajensu ba. Ana cikin wannan hali, mu kuma lancin sabuwar motar alfarma muke bugawa a kati. Haba jama'a.

Wani zai ce, in ba a yi lancin ba, mutane ba za su bayar ba. Amsata ita ce, an yi lancin ɗin ma ba su bayar ba, alkawari kawai suka yi. Mu yi lissafi. A ce ikilisiya tana da mutum 200 masu abin yi, kowa ya ware naira 2,000 a wata domin gini, ban da zakkarsa. Naira 400,000 ke nan a wata, miliyan 4.8 a shekara, kuɗi a hannu, ba haya kanofi, ba dafa wa manyan baƙi shinkafa. Tsarin da Bulus ya ba Korantiyawa ke nan a wasiƙarsa ta fari sura 16: kowa ya riƙa warewa a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa, domin kada sai ya iso a fara tarawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Wani kuma zai ce tonon silili nake yi a gaban waɗanda ba namu ba. Su ma suna da ido, suna ganin ginin da ya tsaya, suna jin lasifikarmu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ga abin da nake roƙo, kuma ba wanda ya fi ƙarfinmu a ciki. A daina kiran suna da adadi a makirufo. A raba kati, kowa ya je gida ya yi shawara da matarsa ko mijinta, ya yi addu'a, ya rubuta abin da zai iya da ranar da zai biya, ya saka a akwati. Wanda hali ya canja masa, aiki ya tafi ko ciwo ya shigo gida, ya sami dattawa a asirce a sauke masa, kada a karanta sunansa cikin masu bashi. Kuɗi ya bi ta asusun banki na ikilisiya mai sa hannun mutum biyu ko uku, ba asusun wani mutum ba. Mutum uku su ƙirga baiko, su sa hannu a ranar. Duk wata uku a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, a ba da damar tambaya. A biya fasto da mai bishara da mai gadi kafin a sayi fenti. Kada a buɗe sabon lancin sai an faɗa mana inda na baya ya kwana.

Mu kuma da sunanmu yake littafin ma'aji tun bara ko bara waccan, kafin mu ɗinka ankon Kirsimeti, mu je mu biya. In ba za mu iya duka ba, mu faɗi gaskiya, mu kai abin da ya samu. Riƙon amana ke nan. Duk abin da ke hannunmu na Ubangiji ne, ajiya aka ba mu, kuma mai ajiya zai ba da lissafi, na kan mimbari da na kan benci duka.

Wanda ikilisiyarsu ta riga ta gyara wannan, ya faɗa mana yadda suka yi, mu koya. Ubangiji ya ba mu zuciyar gaskiya. Amin.