Intel ko AMD: Kafin Mu Kwance Bakin Jaka

A wannan karo za mu taɓo wata magana ce da ta daɗe tana yawo a bakin samarinmu, musamman masu ɗaukar bidiyon biki da suna, da masu shagunan hoto da buga takardu a Malanville da kewaye. Maganar ita ce: idan mutum ya tara kuɗi zai haɗa babbar kwamfuta ta kan tebur, wace furosesa ya kamata ya saya, ta kamfanin Intel ko ta AMD? Wani zai ce ina ruwan mutanen Toumboutou da wannan gardama ta Turawa? To, da ruwanmu, domin kuɗin da ake kashewa sau da yawa na albasa ne ko na shinkafa da uba ya sayar ya ba ɗansa jari, ko kuwa kwasar adashin uwa. Idan aka yi saye marar kyau, gida ne gaba ɗaya zai ji a jikinsa.

Da farko bari mu fayyace abin da ake magana a kai. Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, faɗinta bai wuce na akwatin ashana ba, amma duk wani lissafi ita ke yin sa. Abubuwa uku masu sayarwa ke tallata ta da su. Na ɗaya, yawan ma'aikatan da ke cikinta, waɗanda takardun Faransanci ke kira zukata, mu kuwa bari mu kira su leburori. Na biyu, saurin hannun kowane lebura, wanda ake aunawa da gigahaz. Na uku, 'yar ma'ajiyar da ke jikinta, inda take ajiye abin da za ta buƙata nan take, don kada ta yi ta zirga-zirga. Duk wanda ya taɓa kiran gayya ya san akwai aikin da ke rabuwa, kamar yankan shinkafa, inda mutum goma sha shida suka fi takwas. Akwai kuma aikin da ba ya rabuwa, kamar haƙar rijiya, inda mutum ɗaya ne ke shiga rami ko da an tara gari a bakinsa. Haɗa bidiyo irin aikin farko ne, amma buga takarda da yawancin wasannin kwamfuta sun fi kama da na biyu.

Waɗannan kamfanoni biyu duk na Amurka ne, kuma kusan sa'o'in juna ne, domin an kafa Intel a 1968, AMD kuwa a 1969. Tun daga nan suke kokawa, yau wannan ya yi kaye, gobe a kayar da shi. A 1994 wani malamin lissafi mai suna Thomas Nicely ya gano cewa Pentium ta Intel tana kuskure a wasu lissafin rabawa, abin da ya ci wa kamfanin dalar Amurka miliyan 475 wajen musanya wa mutane. A shekarar 2000 AMD ce ta riga kai wa gigahaz ɗaya da Athlon. A 2006 Intel ta fito da Core 2 Duo ta karɓe kambu, ta kuma riƙe shi wajen shekara goma. AMD ba ta farfaɗo sosai ba sai a 2017, lokacin da ta fito da Ryzen a ƙarƙashin shugabancin Lisa Su. Wani abin mamaki ma shi ne, kamfanin TSMC na ƙasar Taiwan ne ke ƙera wa AMD manyan furosesocinta, kuma shi ne ya ƙera wa Intel babban sashen wadda ta fitar a 2024. Ashe dai kishiyoyin tela ɗaya ke yi musu ɗinki. Saboda haka wanda ya rantse shi ɗan gidan Intel ne ko ɗan gidan AMD har abada, bai karanta tarihin ba.

Yanzu ga manyan 'yan kokawar da aka fi gwabzawa a 2024 da 2025. A ɓangaren Intel akwai Core i9-14900K ta 2023, mai leburori 24, takwas ƙarfafa da ƙanana goma sha shida, wadda saurinta kan kai gigahaz 6. Sai ƙanwarta Core Ultra 9 285K ta watan Oktoba 2024, ita ma mai leburori 24, wadda ta fito a kan dalar Amurka 589. A ɓangaren AMD akwai Ryzen 9 9950X ta watan Agusta 2024, mai leburori 16 duk ƙarfafa, a kan dala 649. Akwai kuma Ryzen 7 9800X3D ta watan Nuwamba 2024, mai leburori 8 kacal amma da ƙatuwar ma'ajiya, a kan dala 479. Idan aka juya dala 589 zuwa kuɗinmu, ta haura sefa 300,000 tun kafin a biya kuɗin mota da na kwastan. Mafi ƙarancin albashi da gwamnatin Benin ta tsayar daga watan Janairu 2023 kuwa sefa 52,000 ne. Wato wannan ɗan abu mai kamar akwatin ashana ya cinye albashin ƙaramin ma'aikaci na wajen wata shida, alhali ba a sayi sauran jikin kwamfutar ba.

To, wa ya fi wani? Gwaje-gwajen da masana suka yi sun nuna cewa a aiki mai nauyi irin na haɗa bidiyo, 9950X da 285K kusan kunnen doki suke, wannan ta wuce a nan, waccan ta wuce a can. A fagen wasanni kuwa 9800X3D ta bar su duka a baya, duk da cewa ta fi su araha, saboda girman ma'ajiyarta. Intel ita ma tana da nata makami, wani sashe da ake kira Quick Sync wanda ke sauƙaƙa wa mai tace bidiyo aiki, sai dai babu shi a cikin waɗanda lambarsu ta ƙare da harafin F. Mai shagon bidiyo ya riƙe wannan harafi da kyau.

Amma fa jama'a, duk waɗannan gwaje-gwaje a ɗakuna masu sanyi ake yin su, inda zafi bai cika wuce digiri 25 ba, wuta kuma ba ta ƙiftawa. A nan ne maganarmu ta rabu da tasu. Mu a bakin Kwara muke, inda daga watan Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, shago mai rufin kwano kuwa ya fi waje zafi. Ita furosesa tana da iyaka: 14900K idan ta kai digiri 100, ko 9950X ta kai 95, da kansu suke rage gudu don kada su ƙone. Ke nan wanda ya sa irin wannan a shagon da babu na'urar sanyaya ɗaki, ya biya kuɗin saurin da ba zai gan shi ba sai lokacin hunturu. Shi ma hunturun da nasa sharri yake zuwa, domin ƙurarsa ce ke toshe fankoki.

Sai maganar wuta. Kamfanin Intel da kansa ya rubuta cewa 14900K kan sha har wat 253 idan aiki ya yi tsanani, 285K kuma wat 250. An rubuta wa 9950X wat 170, kuma takan ɗan wuce haka. Wannan fa furosesa kaɗai ke nan, ban da katin hoto da allon kallo. Wanda ke aiki da sola ya lura, wat 253 ya kusa cinye duk abin da faranti mai wat 300 zai bayar da tsakar rana. Wanda ke kan layin SBEE kuwa ya yi lissafi tare da mu: idan bambanci tsakanin babbar furosesa da matsakaiciya wat 150 ne, aka yi aiki mai nauyi awa takwas a rana, kwana 25 a wata, an ƙara kilowat-awa 30 a kan takardar wuta kowane wata. Haka kuma na'urar riƙe wuta, wadda muke kira ondilar, dole ta zama babba, batirinta ma babba. Manomanmu na albasa sun riga mu sanin wannan darasi, domin ba wanda ke sayen injin ban ruwa sai ya auna faɗin garkarsa da kuɗin man da zai iya zubawa.

Abu na gaba shi ne garanti, kuma a nan akwai labarin da ya kamata kowa ya sani. A 2024 masu amfani da manyan furosesocin Intel na zubi na 13 da na 14, ciki har da 13900K da 14900K, suka yi ta kukan cewa kwamfutocinsu na tsayawa haka kawai. A watan Yuli na shekarar kamfanin ya amsa cewa wutar da ke shiga cikinsu ta yi yawa, daga baya ya fitar da gyara, ya kuma ƙara shekara biyu a kan garanti. Sai dai gyaran rigakafi ne, wadda ta riga ta lalace ba ta warkewa. AMD ma ba ta tsira ba, domin a 2023 wasu daga cikin Ryzen 7000 masu alamar X3D sun ƙone a mazauninsu, kafin a gyara ma'aunin wutarsu. Bature idan tasa ta lalace, gidan waya zai kai ta a aiko masa da sabuwa. Mu kuwa daga nan zuwa Kwatano ya haura kilomita 700, kuma mafi yawan kayan da ke iso mana sun bi hannu uku ko huɗu, daga Dubai ko Legas ko Kano, ba rasit ba kwali. Rufe iyakar Nijar da aka yi a 2023 ya nuna mana yadda hanyar kaya kan toshe dare ɗaya. Don haka 13900K ko 14900K ta hannu, komai arahar da aka yi mata, cinikin biri a sama ne.

Bugu da ƙari, furosesa ba ta zama ita kaɗai. Akwai babban allon da ake dasa ta a kai, wanda masu gyara na nan ke kira kat-mer, na Nijeriya kuma madabod, kuma kowane allo da irin mazauninsa. A nan AMD ta yi abin yabo. Mazauninta AM4 ya ɗauki Ryzen tun daga 2017 har zuwa zubin 5000, ta kuma yi alkawarin riƙe AM5 na 2022 har zuwa 2027 ko fiye. Intel kuwa ta saba canza mazauni bayan zubi biyu ko uku, shi ya sa allon 14900K ba ya karɓar 285K. Amma AM5 da allon 285K duk sai da sabon ram samfurin DDR5, wanda farashinsa ya yi tashin gwauron zabo a ƙarshen 2025. Saboda haka kada a tambayi kuɗin furosesa kaɗai, a tambayi kuɗin ta da allo da ram da fanka da akwatin wuta, a haɗa jimla sannan a kwatanta.

Gaskiyar da masu sayarwa ba za su faɗa ba ita ce, yawancinmu ba ma bukatar ko ɗaya daga cikin waɗannan manya. Mai buga takardu, da mai cike takardun kwastan, da makaranta, duk Core i5-12400 ko Ryzen 5 5600G ta ishe su har da ragi, kowacce leburori shida ne da wat 65 a rubuce. Mai bidiyon da aikinsa ya yi yawa ya dubi Ryzen 9 7900 ta 2023, leburori 12 ne amma ita ma wat 65 aka rubuta mata. Rarar kuɗin a sa ta a ram, da katin hoto, da ondilar mai kyau. Masu sayen ta hannu kuma kada sunan i7 ya ruɗe su, a dubi lambar da ke biye, domin ita ke nuna zubi. Core i3-12100 ta 2022 ta fi Core i7-3770 ta 2012 gudu nesa ba kusa ba. A kuma tuna cewa Microsoft ya daina kula da Windows 10 na gama-gari tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa, in ban da 'yan kaɗan, ba ya karɓar abin da ya gaza zubi na 8 na Intel ko Ryzen 2000.

Wanda kuwa aikinsa ya kai, yana da ɗaki mai sanyi da wuta tsayayya, ga shawararmu. Idan tace bidiyo ne abincinsa, 285K da 9950X duk za su fisshe shi, sai ya ɗauki wadda jimlar kuɗinta ta fi sauƙi kuma mai shagon ya yarda ya rubuta masa garanti. Idan yana son ya canza furosesa nan gaba ba tare da ya zubar da allo ba, ya karkata wajen AMD. Idan kuma gidan wasanni zai buɗe, masu alamar X3D ne nasa. Kowacce ya saya, ya sa mai gyara ya rage mata iyakar wutar da take sha, domin saurin da za ta rasa kaɗan ne, sanyin da za ta samu kuwa mai yawa.

Daga ƙarshe muna kira ga iyaye da kada su ji nauyin yi wa yaro tambaya kafin su miƙa jari. Wane aiki za ta yi? A wane ɗaki za ta zauna? Wace wuta za ta sha? Idan ta lalace, wa za a mayar wa? Yaron da ya amsa waɗannan huɗu ya cancanci a ba shi, wanda kuwa ya ce shi dai wadda ta fi kowacce yake so, a ce ya je ya sake shawara. Hausawa na cewa daidai ruwa daidai tsaki.

A nan za mu dasa aya. Allah Ya sa albarka a cikin sana'o'inmu, Ya kare mu daga asara. Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.